Yadda za ka yi amfani da kalmar damage daidai, daga saƙon waya har takardar neman diyya

Kusan duk sati sai wani ya turo min saƙo yana cewa Malam dan Allah duba min wannan turancin kafin na tura, kuma in na duba sai na ga matsalar dai guda ɗaya ce, kalmar nan damage. Wani kayansa ne suka iso a fashe daga Legas, wani motarsa aka buga, wata mai gidan haya ne ya riƙe mata kuɗin ajiya wai ta lalata masa gida. Duk suna son rubuta ƙorafi da turanci kuma duk a wuri ɗaya suke tuntuɓe. Abin yana damuna sosai saboda wannan ba irin kuskuren da za a yi dariya a wuce ba ne, kuɗi ne a ciki, harafi ɗaya ka ƙara ko ka zaɓi kalmar da ba ita ba sai kaga haƙƙinka ya salwanta. Shi ya sa na ce bari na zauna na jera abin daki-daki yadda nake koya wa masu zuwa wajena.

Abin da za ka tanada

Ba wani abu mai tsada ba ne. Ƙamus na masu koyo, Oxford Advanced Learner's ko Cambridge, duka biyun kyauta ake buɗe su a intanet, data kawai za ka kashe, kuma akwai alamar lasifika da za ka danna ka ji yadda ake furta kalma. Sai ƙaramin littafi da biro. Sai wayar da ke ɗaukar hoto mai kyau, wannan don matakan da suka shafi ƙorafi ne. In kana da rasit na kayan da ake magana a kai to ajiye shi kusa, za mu zo kansa.

1. Fara da bakinka

Damij ake cewa, ƙarfin muryar a gaɓar farko yake, da. Ba dameji ba, ba dameej ba. In abu ya riga ya faru an ƙara d, damaged, sai ka ce damijd, ba damijed ba. Damages mai s ɗin ne kawai a cikinsu ke da gaɓa uku, damijiz. Maimaita su sau goma ka wuce, ba nan aikin yake ba.

2. Tambayi kanka: mene ne abin ya samu?

Nan ne tushen komai, in ka gane wannan matakin rabin aikin ya ƙare. Mu a Hausa ai muna da kalmomi da yawa kuma ba ma haɗa su, ɓarna daban, rauni daban, lahani daban, illa daban, cutarwa daban. Ba wanda zai ce an yi wa yaro ɓarna a ƙafa, rauni za a ce, haka ba wanda zai ce tukunya ta ji ciwo. To turanci ma haka yake, kawai dai mu ne muke ɗaukar damage mu jibga mata kowane kaya. Don haka kafin ka rubuta komai tsaya ka tambayi kanka, abin da ya samu matsalar nan kaya ne, mutum ne, wata gaɓa ce ta jiki, ko kuwa mutunci ne.

In kaya ne, wato abin da ba shi da rai, mota, gida, waya, atamfa, buhun shinkafa, gada, to damage ce kalmarka. The rain damaged the roof, ruwan sama ya lalata rufin. Amfanin gona ma nan ya shiga duk da cewa tsiro ne, the cows damaged my millet, shanu sun yi min ɓarna a gero.

In mutum ne ko dabba, ajiye damage gefe. Wanda ya ji rauni a hatsari ko faɗuwa ko wajen ƙwallo, injured. Wanda aka sara ko aka harba, wato raunin makami, wounded. Ciwo na yau da kullum da kuma ɓacin rai, hurt, my leg hurts ƙafata na ciwo, your words hurt me maganarka ta yi min zafi. Sai harm, ita kuma cutarwa ce gaba ɗaya, ta fi yawa a gargaɗi da maganar hukuma, smoking is harmful, shan taba na cutarwa. Duba jumlar nan ka riƙe ta da ka, ita nake ba kowa: two people were injured and the car was damaged. Mutum biyu sun ji rauni, mota kuma ta lalace. Jumla ɗaya ta raba maka gardama.

Hattara: ba a cewa hurted. Hurt jiya, hurt yau, hurt gobe, ba ta canzawa. Kuma kar ka rubuta my brother was damaged in the accident, duk wanda ya karanta zai ji wani iri kamar ka mai da ɗan'uwanka kujera.

Sai dai akwai wata ƙofa da mutane ke ruɗewa a kai. Gaɓoɓin jiki, musamman na ciki, da gani da ji, ana amfani da damage a kansu, kuma ita likitoci ke rubutawa. Kidney damage lahanin ƙoda, liver damage lahanin hanta, brain damage lahanin ƙwaƙwalwa, nerve damage lahanin jijiya. In ka karanta takardar da ke cikin kwalin farasitamol za ka ga an yi gargaɗin cewa shan fiye da ƙima na iya jawo liver damage. Kenan mutum shi kansa injured, amma ƙodarsa damaged. Ma'anar a nan lahani ce mai daɗewa ba ciwon da ke wucewa da yamma ba, don haka in ka ga kalmar a sakamakon gwajin asibiti kar ka yi shiru, tambayi likita ya yi maka bayani da Hausa, wace gaɓa ce, ya girman lahanin yake, kuma yana warkewa ko sai dai a kula da shi.

Na huɗun shi ne abin da ba a taɓawa da hannu, suna, mutunci, amana, zumunci, tattalin arziki. Nan ma damage tana aiki, the rumour damaged his reputation, jita-jitar ta zubar masa da mutunci. Siffarta damaging, a damaging report rahoto ne mai ɓata suna.

3. Gina jumlar ba tare da a ko s ba

Kalmar tana zuwa a matsayin suna, tana kuma zuwa a matsayin aikatau, kowanne da ƙa'idarsa.

In suna ce, wato ɓarnar kanta, to irin sunayen nan ne da ba a ƙirgawa, kamar ruwa ko yashi ko gari. In ka buɗe ƙamus za ka ga an rubuta uncountable ko harafin U a gefenta, abin da ake nufi kenan. Ba a cewa a damage, ba a cewa two damages, ba a cewa many damages. Ko gari guda ambaliya ta cinye kamar yadda aka gani a Maiduguri a watan Satumba na 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, abin da za a rubuta shi ne the flood caused a lot of damage, ba s. Yawan ɓarna ba ya sa a ƙara mata s, sai dai a sa mata kalmar da ke nuna yawa a gaba, some damage, a lot of damage, much damage. Masu rubuta WAEC da NECO da JAMB ku lura da nan sosai, irin tarkon da ake ɗanawa kenan a tambayoyin cike gurbi.

Kalmomin da ke rakiyarta kuma sanannu ne. Wanda ya yi ɓarnar, cause damage ko do damage. Wanda aka yi wa, suffer damage. Sannan abin da ya lalace ana haɗa shi da to, damage to the car, damage to my shop. Ba damage on the car ba, ba damage of the car ba, kuma ba make damage ba, wannan make ɗin fassarar yin ɓarna ce kai tsaye daga Hausa kuma ba ta shiga.

In aikatau ce kuwa, dole a samu wanda ya lalata da abin da aka lalata. The driver damaged my goods. To in ba ka san wanda ya yi ba, ko ba ka son nuna yatsa tukuna? Sai ka ce my goods were damaged, ko my phone got damaged. Abin da ba a cewa shi ne my phone has damaged ko the car damaged, domin ma'anar da ke fita ita ce wayar ce ta lalata wani abu kuma ba ka faɗi mene ne ba. Mu a Hausa muna da lalata da lalace, ɓata da ɓaci, turancin nan ba shi da wannan saukin, sai ka jawo is ko was ko were ko got kafin damaged.

Hattara: s ɗin da ke cikin smoking damages your lungs ba jam'i ba ne, s ɗin aikatau ne irin na he goes, she eats. Wannan daidai ne, kar ka goge shi.

4. Damages mai s kuɗi ne, ba ɓarna ba

Wannan matakin shi ne dalilin da ya sa na zauna rubutun nan. Damages a matsayin suna kalmar kotu ce, ma'anarta diyya, kuɗin da alƙali ya ce a biya wanda aka cutar. Damage ɓarnar, damages kuɗin ɓarnar. Shi ya sa za ka ji a labarai an ce he sued for damages, ya kai ƙara yana neman diyya, ko the court awarded damages, kotu ta ba da umarnin a biya diyya. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci su ma su kula, dommages et intérêts ɗinku shi ne damages, amma c'est dommage da kuke cewa in abu bai yi daɗi ba ma'anarsa daban take da damage ta turanci, can what a pity ake cewa.

Wani ƙanina mai sayar da tayil ya taɓa karɓar kaya daga wani kamfanin sufuri kwali da yawa a farfashe, ya rubuta musu I am writing about the damages in my goods, please come and see the damages. Shi nufinsa su zo su ga ɓarna, mai karantawa kuwa ba ta gane ko rahoto yake kawowa ko kuɗi yake nema ko barazanar kotu yake yi ba, sai aka yi ta jan maganar ana tura shi daga wannan tebur zuwa wancan har kwanakin da aka ba shi na kai ƙorafi suka kusa ƙarewa. Ranar da ya zo min hankalinsa a tashe yake, jarinsa ne gaba ɗaya a cikin kwalayen nan. Layi uku muka gyara aka fara sauraronsa.

In har magana ta kai ga lauya, ga ire-iren da za ka ji ana ambata don kar a yi ta magana a kanka kana kallo. Special damages ita ce asarar da za a iya lissafawa kobo-kobo, kuɗin gyara, kuɗin magani, kuɗin kayan da suka fashe, kuma a kotunan Najeriya sai an jera su ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara an kuma kawo hujja a kan kowanne, abin da ba ka jera ba ko ba ka da shaidarsa ba za a ba ka ba. Kaga amfanin rasit kenan. General damages kuma ita ce wadda ba ta da rasit, wahala, raɗaɗi, zubewar mutunci, alƙali ne ke kimantawa da kansa. Sai exemplary damages, wasu su ce punitive, wadda ake ɗora wa mai laifi don horo in abin da ya yi ya wuce gona da iri, ba kasafai ake bayar da ita ba.

Hattara: in ba kotu za ka ba tukuna, sulhu kake nema, kar ka fara da damages. Rubuta compensation for the damage, ko refund in kuɗinka kake so a dawo maka, ko replacement in canji kake so. Sun fi laushi kuma sun fi faɗin ainihin abin da kake buƙata.

5. Faɗi girman ɓarnar, sannan ka faɗi irinta

Damaged ita kaɗai ba ta gaya wa kowa komai. Ƙarzuwar fenti damage ce, injin da ya buga shi ma damage ne. Don haka auna. Ƙarama, minor ko slight damage. Babba, serious ko severe. Wadda ta bazu wurare da yawa, extensive. Wadda ba ta gyaruwa, damaged beyond repair. In kuma abin ya tashi aiki gaba ɗaya ba abin da za a tsinta, to ka bar damage ka koma destroyed. Gobara ta taɓa gefen shago, damaged. Ta cinye shi ƙurmus, destroyed. Manomin da dabbobi suka shiga gonarsa yana rubuta wa hukuma ya kula da wannan, in kunya goma aka ci cikin gona guda ka rubuta destroyed my farm, ranar da aka zo duba gonar aka ga sauran hatsi a tsaye maganarka ta yi rauni ko da kuwa kai ne mai gaskiya.

Bayan girma sai iri. Gilas ya tsage cracked, ya tarwatse shattered. Jikin mota ya lotsa dented, ya ƙarzu scratched. Yadi ya yage torn, ya yi tabo stained. Ruwa ya jiƙa soaked, wuta ta ƙona burnt. Ƙarfe ya lanƙwashe bent. Rubuta waɗannan a littafinka da Hausarsu a gefe, su ne za su sa mai karanta saƙonka ya ga abin kamar yana wurin.

Sai maganar spoil da muka saba da ita, my car has spoiled, my fan don spoil. A hira tsakaninmu kowa ya gane, amma a takarda spoil ta fi tafiya da abinci da ya lalace ko yaron da aka sangarta. Mota ta mutu a hanya broke down ne, fanka ta daina aiki stopped working ne.

Babban gargaɗi, kuma dan Allah a karanta shi sau biyu: damaged daban, faulty ko defective daban. Damaged na nufin wani abu daga waje ne ya same shi, faɗuwa, ruwa, duka. Faulty na nufin matsalar daga cikinsa take, haka aka ƙero shi ko haka kawai ya daina aiki. Yawancin takardun garanti na waya da talabijin da firji suna rufe matsalar ƙira ne, kuma a fili suke rubuta cewa ba ruwansu da physical damage ko liquid damage, wato fashewa da shigar ruwa. To ka sayi waya a kasuwar Farm Centre ta Kano sati biyu ta ɗauke da kanta ba ta faɗi ba ba ta shiga ruwa ba, sai ka je ka cike fom ka rubuta the phone is damaged, wallahi da hannunka ka ba su hujjar ƙin gyara maka kyauta. Abin da za ka rubuta shi ne the phone is faulty, it stopped working on its own, there is no physical damage. Amma in ka san ta faɗi to faɗi gaskiya, masu gyara suna ganewa da sun buɗe.

6. In kayanka suka iso a lalace

Tsarin nan bi shi a jere, kar ka tsallake. Da farko kar ka sa hannu a takardar karɓa sai ka duba kaya, galibi akwai layin da ke cewa received in good condition, wato na karɓa lafiya lau, in ka sa hannu a nan ka rufe wa kanka baki. In direba na gaggawa kuma ka ga kwali a lotse ko a jiƙe, rubuta received damaged kusa da sa hannunka da kwanan wata. Na biyu ɗauki hoto tun kafin ka buɗe, kwalin ta kowane gefe da lambar webil ɗin, wato takardar da ke rakiyar kayan, sannan ka ɗauki bidiyo kana buɗewa, in da hali a gaban direban ko wani mutumin tasha. Na uku ƙirga, nawa ne lafiya nawa ne suka lalace. Na huɗu ka tura saƙo a ranar, ba gobe ba, kamfanoni da yawa suna da 'yan kwanaki ƙayyadaddu na karɓar ƙorafi, duba bayan takardarsu za ka gani. Kuma a rubuce, kiran waya ba ya zama shaida.

Ga yadda saƙon zai kasance, sai ka canza lambobin da naka:

Good afternoon. I received 20 cartons of tiles today. 6 cartons arrived damaged. The tiles inside are cracked and cannot be sold. I have attached photos and the receipt. The damage is worth N90,000. Please send a replacement or a refund within 7 days.

Kaga ba dogon turanci, ba zagi, ba I will deal with you. Me ya zo, nawa ya lalace, wace irin lalacewa, nawa ne kuɗinsa, me kake so, zuwa yaushe. In sun yi biris akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi, kuma jihohi irin su Kano da Legas suna da kotun ƙananan bashi da ake iya zuwa ba tare da lauya ba.

Hattara: kar ka zubar da kayan da suka fashe, kar kuma ka gyara su, sai an gama magana. Su ne shaidarka.

7. Mota da inshora

Nan kalmar tana da kuɗi tsababa a jikinta. Inshorar nan ta dole da ake ce wa third party, tun 1 ga Janairu 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mai da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, daga naira 5,000, sannan abin da za ta iya biya na ɓarnar dukiyar wani ya tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. A takardar za ka ga third party property damage, ma'ana ɓarnar da motarka ta yi wa dukiyar wani, motarsa ko katangarsa ko shagonsa. Ba ta biyan gyaran taka motar. Gyaran taka sunansa own damage, kuma galibi sai mai cikakkiyar inshora, wato comprehensive, ke samunsa. Mutane da yawa sai bayan hatsari suke gane wannan bambancin, ran nan kuwa ba daɗi.

A fom ɗin neman biya za ka tarar da gurbi biyu daban, ɗaya na damage ɗaya na injury ko bodily injury. Na farko na ƙarfe ne, na biyu na mutane. A na farkon kar ka rubuta car damaged kawai ka tashi, jera su, front bumper broken, left door dented, windscreen cracked, headlamp shattered. Sa makaniki da mai gyaran jikin mota su rubuta maka kiyasin kuɗin gyara a takardar shagonsu, shi ake kira estimate. In mai duba motar ya ce write-off ko total loss, nufinsa kuɗin gyara ya kai ko ya kusa kuɗin motar, ba za a gyara ba sai dai a biya ƙimarta.

Hattara: sanar da kamfanin inshora kafin ka kai mota gareji. In ka gyara kafin su gani, ɓarnar da za su auna ta tafi.

8. Gidan haya

Gajere ne amma yana cin kuɗin mutane. Kuɗin ajiyar nan da ake karɓa, caution fee ko caution deposit, na damage ne, wato abin da kai ka lalata, ƙofar da ka ɓalle, gilashin da yara suka fasa. Tsufan da gida ke yi da kansa saboda zama, fenti ya dusashe, famfo ya saki saboda shekaru, sunansa fair wear and tear, kuma a yawancin yarjejeniyoyin haya ba a cajin ɗan haya a kansa. Nemo wannan jumlar a takardarka kafin ka sa hannu, in babu ka roƙa a saka. Ranar shiga ɗauki hoton kowane ɗaki, duk abin da ka tarar a lalace tura wa mai gida ko wakilinsa a rubuce, existing damage, wato ɓarnar da na tarar.

9. Ofishin 'yan sanda

A Arewa dokar Penal Code tana da nata kalmomin kuma za su iya ba ka mamaki. Lalata dukiyar wani da gangan mischief ake rubutawa, kalmar da a turancin yau da kullum ƙiriniyar yara take nufi, amma a takardar tuhuma ɓarna ce kuma laifi ne. Ji wa mutum ciwo causing hurt, in raunin mai tsanani ne kamar karaya ko rasa ido grievous hurt. A Kudu inda ake bin Criminal Code kuma za ka ji malicious damage da grievous harm. In ana rubuta maka bayani kar ka sa hannu sai an karanta maka an fassara, kuma kula da bambancin accidentally da deliberately, na farko bisa kuskure na biyu da gangan, tsakaninsu akwai nisa sosai a gaban alƙali.

10. Zantukan da za ka ji a hira

Waɗannan ba na takarda ba ne amma gara ka san su. In Bature ya gama cin abinci ko an gama masa gyara ya ce what's the damage, ba abin da ya fashe, nawa ne kuɗina yake nufi, cikin raha. Ka iya faɗa wa aboki ko makanikin da kuka saba, amma ba a ofis ko a wasiƙa ba. The damage is done, aikin gama ya gama. Damage control, ƙoƙarin rage ɓarna bayan abu ya riga ya ɓaci, irin wanda 'yan siyasa ke yi in magana ta suɓuce musu. Collateral damage kuma kalmar sojoji ce da ake nufin fararen hula da dukiyar da hari ya rutsa da su ba su aka nufa ba, ni dai ba na son ta ko kaɗan domin rayukan mutane ake lulluɓewa da kalmar da aka yi don kaya, in ka gan ta a labari ka san sau da yawa mutane ne suka mutu.

Hattara: damaged goods a kan kaya daidai ne, amma faɗinta a kan mutum, musamman mace, cin mutunci ne mai muni. Kar ta fito daga bakinka ko da wasa.

11. Duba kafin ka danna tura

Karanta saƙonka da ƙarfi sau ɗaya, duk inda ka ci karo da kalmar tsaya ka yi mata tambaya huɗu. Mutum nake nufi? In eh, canza zuwa injured ko hurt. Na sa a a gabanta ko s a bayanta? Goge, sai dai in diyyar kotu nake nufi ko kuwa s ɗin aikatau ne. Akwai was ko were ko got kafin damaged in ban ambaci wanda ya lalata ba? Sannan abin nan lalata shi aka yi ko da kansa ya daina aiki? In da kansa ne faulty za ka sa.

Don hannunka ya faɗa, yau da daddare zagaya gidanku ka nemo abu biyar da suka samu matsala, ƙofa, bokiti, caja, takalmi, duk abin da ka gani, ka rubuta wa kowanne jumla biyu a littafinka, ɗaya da damage a matsayin suna ɗaya da damaged, ka ƙara da kalmar da ta faɗi irin lalacewar. There is some damage to the door. The door was damaged, the handle is broken. Gobe ka ɗauki wasu biyar, jibi kuma ka gwada rubuta cikakken saƙon ƙorafi irin na mataki na 6 a kan ɗaya daga cikinsu, ka ba wanda ya fi ka turanci ya duba maka.